Baƙuwa a Ɗakin Ɗinki

Kai mai karanta wannan, ina da gargaɗi kafin ka fara. In kana cikin masu shiga gidan mutane, su ga abu yana aikinsa lafiya, hannunsu ya riƙa ƙaiƙayi sai sun gyara shi, to da kai nake. In kuma kana cikin masu haɗiye magana har ta zame musu ciwo, kai ma ban ƙyale ka ba. Wasiƙun nan tsakanina ne da autata, wadda ke karatun kwamfuta nesa da gida. Da hannu nake rubuta nawa, in ɗauki hoto da waya in tura mata, domin in na kira ta mahaifinta yana jin komai ta bango. Ba don nishaɗi na tara su ba. A karanta, a gyara hali.

*

Auta,

Bayan sallama, ina fatan kina lafiya, kina cin abinci a kan lokaci, ba ki mai da shayi abincin rana ba kamar yadda kika saba. Mu nan lafiya lau. Gwiwata ta yi sauƙi. Yayarki ta zo da yara, ƙaramin ya fara haƙori yana cizon kowa.

Babanku ne ba na jin daɗin yadda nake ganinsa. Likita ya ce jininsa ya sauka, amma ya koma irin zaman nan da ya yi bayan ya bar koyar da lissafi, lokacin da yake wuni yana kallon bango. Kin san abin da ya tashe shi a wancan karon: tsofaffin kwamfutocin da ofisoshi suka yar. Biyar ya kwaso ya jera a ɗakin ɗinkina, ya haɗa su da wayoyi, ya tura kekena lungu. Na yi faɗa, kuma har yau ban janye ba. Sai dai gaskiya ɗaya ce: abin da mutumin nan ya yi da shara ya isa a jinjina masa. Ya yayyanka musu sararin samaniyar garin nan kamar yadi, kowace ta lissafa nata yankin ta miƙa wa 'yar'uwarta, da safe ya fito da alli ya rubuta a allon da ya rataya a ƙofar gida: za a yi ruwa da yamma, ko a yi shanya ba fargaba. Mai wanki da guga na kan kwana ba ya jiƙa kayan mutane sai ya leƙo. Telan layinmu kuwa kullum sai ya zo musu, wai gwiwarsa ta fi kwamfuta sanin ruwa.

To yanzu allon ya fi zama ba rubutu. Aikin sai ya tashi, ya tsaya cik, fuskar kwamfuta ta cika da jan rubutu. Ga shi kuwa kamata ya yi abin ya ƙara gudu, tunda mijin yayarki, Allah ya yi masa albarka, ya kawo masa sabuwa fil ta zama ta shida. Baƙuwa Babanku yake kiranta.

Na tambaye shi, ya ce ba komai. Amma jiya da kunnena na ji yana ce wa mai sayen tsofaffin ƙarafa ya dawo da kurarsa ƙarshen wata ya kwashe su duka. Auta, in suka tafi zan samu ɗakina, amma na san wanda zan rasa.

Ba zai tambaye ki ba, kin san shi. Ni nake tambaya. Abin da aka tura ki koya ke nan, sai ki nuna min ba yawo kike ba. Kada ya ji.

Ummanki.

*

Umma,

Ina gaishe ki da kyau, ya jiki, ya gwiwa? Ina lafiya, kuma ina cin abinci, shayin ma da burodi nake sha.

Ban taɓa zaton zan ga ranar da za ki tsaya wa kwamfutocin da kika ce kyankyasai ke haihuwa a cikinsu ba. Na adana wasiƙar nan saboda gaba.

Ga abin da nake zato. Akwai wata manhaja da kwamfutocin Baba ke magana da juna da ita. Masu yin ta sukan fitar da sabuwar siga lokaci lokaci, kowace siga da lambarta. Ki ɗauka mata shida ne ke ɗinka riga ɗaya, kowace da yankinta. In biyar suna awo da inci, ɗaya tana yi da santimita, kowace za ta yi ɗinki mai kyau, amma in aka zo haɗawa hannu ba zai shiga kafaɗa ba. Dole duka su kasance a kan lamba ɗaya.

Ina so ki duba min. Lokacin da Baba ya fita tattakin da likita ya sa shi, ki shiga. Akwai ɗan akwati kusa da fuskar kwamfutar mai maɓallai shida, kowane maɓalli kwamfuta ɗaya yake nunawa. Ki danna na farko, ki rubuta layin da na sa miki a ƙasan takardar nan harafi da harafi, ki ga lambar da za ta fito. Haka za ki yi har na shida. Kada ki ji tsoro, layin tambaya kawai yake yi, ba ya canja komai.

Kuma don Allah kada ki goge musu ƙura da jiƙaƙƙen tsumma.

Autarki.

*

Auta,

Ina fatan kina lafiya. Mu ma lafiya. Maganar tsumma kuwa, tun kafin a haife ki na san ruwa da wuta ba sa haɗuwa.

Na shiga ranar Litinin. Na koyi buga tafireta a sakandare, amma yatsun sun manta, da ɗaya na yi ta tsinta. Biyar na farko duk lamba huɗu suka nuna. Baƙuwa ta nuna biyar. Ashe kin san abin da kike yi, Allah ya ƙara basira.

Bari in gaya miki abin da na gani, domin rabona da in tsaya a ɗakin nan ba da faɗa ba na manta. Kowace waya ya ɗaure mata ƙyalle daga ragowar yadina, kowace kwamfuta da launinta, ko makaho ya san wacce ke zuwa ina. Ya yanka tsohon gidan sauro ya rufe bakin fankokin saboda ƙura, ya kuma ɗinke gefen da hannu. Ɗinkin a karkace yake, amma ya riƙe. Ya ɗora su a kan bulo saboda sanyin ƙasa. Mutumin da ba ya iya nemo safarsa sai an nemo masa. Na daɗe a tsaye. Na ce lallai ɗalibansa sun yi dacen malami.

Amma akwai abin da ya ɗaure min kai. Ranar Alhamis na ji fankoki sun ɗauki ƙara gaba ɗaya, na leƙa ƙofa na ga an yi rubutu a allo, mai wanki har da tafi. Da ya fita tattaki na sake gwadawa: duk shida huɗu. Na ce alhamdu lillahi, ta warke. Juma'a ya rubuta, Asabar ya rubuta. Lahadi allo wayam. Na koma na duba, Baƙuwa ta koma biyar.

Da na yi tunani, haka abin yake tafiya tun zuwanta. Farkon mako yana duƙe a gabanta, hancinsa kamar zai taɓa gilashi, yana buga harafi yana gogewa, abinci ya huce a gefensa. Ƙarshen mako ta yi aiki. Sai a koma gidan jiya. Wace irin na'ura ce ke tuba ta koma ruwa duk mako?

Ummanki.

*

Umma,

Ina gaisuwa. A tsaye nake rubutun nan, jarrabawa ta taso mu gaba.

Kwamfuta ba ta sauka daga biyar zuwa huɗu da kanta. Baba ne ke saukar da ita, kuma aiki ne mai cin rai, domin sabuwar siga ba ita kaɗai take zuwa ba, tana jawo wasu abubuwa da yawa, sai an bi su ɗaya ɗaya an mayar. Ke nan ya riga mu sanin ciwon. Wani ne ke sake hawar da ita.

Wa ke zama a gaban Baƙuwa ranar Asabar? In mijin Yaya ne, a hana shi taɓa ta.

Autarki.

*

Auta,

Lafiya muke.

Layinki na ƙarshe na karanta na sake karantawa, ko idona ne. A hana shi. Wa za a hana? Mijin yayarki, uban 'ya'yanta, kike magana a kansa kamar akuyar da ta shigo lambu?

Na san tun farko bai kwanta miki ba, don yana da yawan bayani. To bari in tuna miki. Shi ke kai Babanku asibiti. Shi ya gyara ƙofar gida da ta faɗi. Duk Asabar sai ya zo ya durƙusa ya gaishe mu, lokacin da wasu ke can suna aiko da umarni a layi biyu. Mutum ya kawo kyauta da zuciya ɗaya, sai a saka masa da zargi? Karatun da zai koya wa yarinya raina na gaba da ita, ban ga amfaninsa ba.

Ki yi jarrabawarki. Ba sai kin amsa ba.

Ummanki.

*

Umma,

Ina gaishe ki. Na kira ba ki ɗauka ba, na san kuma wayar tana hannunki. Mun gama jarrabawa. Ya gwiwa? Ya Baba? Yaya ta ce min mai ƙarafa ya zo ya ɗaɗɗaga kwamfutocin yana gwada nauyinsu. Tun da na ji ban samu natsuwa ba.

Ki yafe min, na rubuta cikin gaggawa, maganar ta fito a bushe. Ba zarginsa nake ba. Abin da yake yi shi ne abin da ake koya wa kowa, ni ma shi zan gaya miki game da wayarki: in sabuwar siga ta fito, a sabunta. A kan kwamfuta ɗaya yana da gaskiya. A cikin shida ne gaskiyarsa ba ta aiki. Kuma ba za a iya hawar da sauran su tarar da ita ba, sun tsufa, biyar ba ta zama a kansu. Ita ce dole ta sauko ta bi tafiyarsu.

Akwai magani. Ana iya kulle manhajar nan ita kaɗai a kan huɗu, ko an sabunta komai a tsallake ta. Na rubuta layin a ƙasa. Ina jin Baba ya san da shi. In har bai sa ba, to ba rashin sani ne ya hana shi ba, domin duk wanda ya zo sabuntawa zai ga an rubuta cewa an kulle, ya gane da shi ake.

Kada ki yarda da ni, Umma. Asabar mai zuwa ki shiga ki tsaya kawai.

Autarki, ko kina fushi.

*

Auta,

Ina fatan kina lafiya, Allah ya ba da sa'ar abin da aka rubuta. Gwiwa da sauƙi. Wayar kuwa na gan ta, ban ga dama ba ne.

Na shiga. Na kai musu shayi, na tsaya ina neman almakashin da ke cikin aljihuna.

Mijin yayarki ya gaishe da Babanku, ya ce Baba bari ya ɗan duba Baƙuwa. Da ya buɗe sai na ga fuskarsa ta canja. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, ta sake komawa tsohuwar siga. Ban san me ke damunta ba. Da na san haka take da ban kawo muku ita ba." Ya shiga danne danne yana share gumi. Auta, kunya yake ji. A zatonsa kaya mai aibi ya kawo wa surukinsa, shi ya sa yake zuwa duk mako yana rufa wa kansa asiri.

Babanku yana tsaye a bayansa, ya goya hannuwa. Ni ina daga baya ina ganin hannuwan. Allin da yake riƙe da shi ya karye gida biyu, ya sake karyewa. Aikinsa na mako guda yana rushewa a gabansa, amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Allah ya yi maka albarka."

Da yaron ya tafi na tsare Babanku. Na ce Malam, me ya hana ka gaya masa? Ya yi ta kauce kauce, har ya ga ba zan matsa daga bakin ƙofa ba. Sai ya ce yaron da ya ɗauko ta a kafaɗa, ya shigo yana murna kamar ya ci jarrabawa, ta yaya zai dube shi ya ce kyautarsa ce ta tsayar da aiki? Na ce to mai ƙarafa fa?

Ya ce, "In na ce na gaji da su duka, babu wanda zai ji kunya."

Kin ji irin uban da Allah ya ba ki. Zai ba da abin da ke tashinsa da safe don kada fuskar wani ta zube. Na zauna da shi shekaru masu yawa, ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba, ban kuma taɓa jin haushinsa kamar ranar ba. Haƙuri abu ne mai kyau, amma wanda zai cinye mai shi ya bar mutanen gida da kallon bango, wannan ba na cikinsa.

Abin da kika faɗa daidai ne. Yadda kika faɗe shi ne ba daidai ba, kuma a kan wannan ban sauka ba.

Ummanki.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya. Ƙaramin yayarki ya ciji tela.

Kin san ni da mijin yayarki ba ma wuce gaisuwa, ban taɓa haɗa ido da shi da kyau ba. Amma Asabar ɗin nan na jira shi a ƙofar gida. Da ya sauko daga mota ya durƙusa, na miƙa masa alli, na nuna masa allo, na ce ya rubuta mana ko za a yi ruwa ranar Litinin. Ya ce Umma ai shi bai sani ba. Na ce mai allon ma ba zai sani ba, in dai aka shiga aka taɓa Baƙuwa yau.

Sai na yi masa bayanin inci da santimita, yadda kika yi min, har na ɗan ƙara nawa. Na ce kayansa ba su da aibi, lafiyarta ƙalau, gudunta ne ya fi na 'yan gida. Na ce duk abin da ya hawar ranar Asabar, tsohon nan ne ke kwashe kwana da kwanaki yana saukarwa da hannu, kuma ya gwammace ya sayar da su da ya faɗa.

Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Ya ce, "Umma, ni da nake ganin taimako nake yi." Na ce na sani, shi ya sa nake gaya masa, da mugu ne da ban ɓata bakina ba.

Ya shiga ya durƙusa a gaban Babanku. Babanku ya watso min wani kallo ta saman tabarau, na mayar masa. Sai ya kama hannun yaron ya ɗaga shi, ya jawo kujerar keken ɗinkina ya ce ya zauna. Auta, da kin ga malamin lissafi ya dawo. Ya ɗauki guntun alli ya zana akwatuna shida a bayan ƙofa, yana nuna yadda saƙo ke fita daga wannan ya shiga waccan, da inda yake maƙalewa in lamba ta bambanta. Mai yawan bayanin nan naki ya yi tsit, sai tambaya yake yi, tambayoyin kuma masu hankali. Na miƙa takardarki. Babanku ya karanta layin kullewar, ya ce ya san shi, amma naki ya fi nasa gajarta. Sau biyu ya faɗa, ki rubuta ki ajiye. Shi ya riƙa karantawa, mijin yayarki ya buga da hannunsa. Suka gwada sabuntawa da gangan, ta sabunta komai ta tsallake wannan. Duk shida huɗu.

Mai ƙarafa ya zo da kurarsa kamar yadda aka yi da shi. Na ba shi mataccen dutsen gugana, ya tafi yana gunaguni.

Ranar Litinin allo ya ce ba ruwa, a yi shanya. Da azahar aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mai wanki ya zo a jiƙe yana ɗaga zanen gadon mutane, tela yana bayansa yana shafa gwiwa yana cewa ai ya faɗa. Babanku ya fito ba hula yana musu da su, wai iska ce ta juya, lissafinsa daidai yake. Muryarsa har ƙarshen layi. Ya dawo ya cinye abincinsa da zafinsa ya nemi ƙari. Nawa wankin ma ya jiƙe, na matse na sake shanyawa.

Ɗakin ɗinki dai na haƙura, na fito da keke falo.

Yanzu ga dokar da na kafa, na faɗa wa kowa a gaban kowa, ke ma ta hau kanki in kin dawo hutu da ilminki. A ɗakin nan ba a sabunta ɗaya a bar saura: ko su tafi tare, ko su zauna tare. Wanda ya kawo kyauta gidan nan, da ya miƙa, hannunsa ya fita daga kanta sai mai ita ya ce taɓa. Wanda kuma aka ɓata wa aiki, ko uban gida ne, ya buɗe baki ya faɗa kafin shayi ya huce. In bai faɗa ba, ni zan faɗa, kuma a ƙofar gida.

Ummanki.